Ranar da Na Ce a Yanka Kazar Surukata

Ba zan taɓa mantawa da wata kaza wake-wake ta garin Liba ba, ko da kuwa na so in manta. Ba wani abin kirki ta yi ba, kaza ce kamar kowace kaza, tana tono tana kashi inda ta ga dama. Ni ne na yi abin da har yau in irinta ta gitta ta gabana sai in ji kunya ta dawo mini sabuwa.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, har in baƙo ya tambaye mu jiharmu sai mun ɗan yi tunani kafin mu amsa. Ina da ƙuruciyata, ina noman albasa a Aliero, ina da wani tsohon babur, ga sabon aure. Mu kuwa mutanen Aliero, da yake garinmu ya yi suna da ɗori, kusan kowannenmu yana jin kansa rabin likita. Ni ban iya ɗori ba, sai na kama ɓangaren kaji. Wata shekara cuta ta shigo unguwarmu, kaji suna ta gyangyaɗi suna faɗuwa, na ɗura wa nawa kafso da barkono da jiƙon maɗaci, wasu suka tashi (yawancinsu sun mutu, amma ba a nan nake tsayawa ba in ina ba da labarin). Tun daga nan na sa wa kaina suna likitan kaji. Abokaina suka riƙe sunan don tsiya, ni kuma na ɗauka girmamawa ce.

Matata Luba 'yar Liba ce ta ƙasar Maiyama, ita ce 'yar fari wajen mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inno. Inno Bafulatana ce ta ƙwarai, irin waɗanda ko garwashi suka taka ba za ka ji "wash" a bakinsu ba. Mijinta ya rasu, ɗanta namiji ya yi kudu da shanu, ita kaɗai ce a gidan sai maƙwabta. Ba ta faɗin sunan Luba saboda kunyar ɗan fari, ni kuwa da nake suruki ko fuskarta ban taɓa gani sosai ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana bayan labule, mu gaisa a taƙaice in tashi. Wannan abu yana damuna a ɓoye. Ina so ko sau ɗaya ne matar nan ta san ba ta yi asarar 'ya ba.

Wata ranar kasuwar Jega ina tsaye kan buhunan albasa sai wani mutumin Liba ya tsaya a gabana.

"Surukakka tac ce in na gane ka in hwaɗa maka, kazatta ba ta da lahiya. In ka samu sarari ka biyo."

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe sunana ya ƙetare Jega har ya kai ƙasar Maiyama. Da na koma gida na gaya wa Luba ina ta washe baki. Tana da tsohon ciki a lokacin, na fari, tana zaune tana tsince shinkafa. Sai ta ajiye faifan ta dube ni.

"Inno ta aiko? Bisa kaza?"

"Ƙwarai kuwa."

"Tun da nit tashi ban taɓa jin Inno ta yi aike bisa kaza ba," in ji ta. "Don Allah in ka tahi ka duba man ita da kyau."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ta zo hannu. Ka ga matsalar Hausa ke nan, "ita" ɗaya ce ga mace da kaza. Luba tana nufin uwarta, ni kuma na riga na fara lissafin irin kafson da zan saya.

Washegari na sa rigata ta zuwa Juma'a, na cika aljihu da magani, na hau babur. Da na isa na tarar da mata zazzaune a tsakar gida a ƙarƙashin inuwa, wata da kwanon kunu, wata da ƙwaryar fura, kowa murya ƙasa-ƙasa. Mai hankali zai gane dubiya suka zo. Ni na ɗauka labarin zuwana ne ya bazu, sun taru su ga aiki.

Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. A gefen labulen akwai Gwaggo Ige, maƙwabciyar Inno, wata tsohuwa mai daddawa wadda bakinta ba ya da linzami. Ita ce tsakaninmu, don Inno ba za ta yi mini doguwar magana kai tsaye ba. Bayan gaisuwa na gyara murya na ce a faɗa mini yadda ciwon yake.

Muryar Inno ta fito daga bayan labule a hankali, tana yi tana tsayawa.

"Ki ce mai, ta bar cin abinci. In anka ba ta, ta ɗan taɓa ta bari."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin haka.

"In ta kwanta numhwashi ya gagara. Sai ta tashi zaune har asuba."

"Ai Gwaggo, kaza dama a tsugune take kwana," na ce, har da 'yar dariya. Ba wadda ta taya ni.

"Ƙahwahunta sun kumbura. Daga ƙohwar ɗaki zuwa randa sai ta tsaya ta huta."

Yanzu da nake rubuta wannan ina mamakin kaina. Matar nan ta ce abinci, ba ta ce tsaba ba. Ta ce ɗaki, ba ta ce akurki ba. Kuma kowace jimla sai ta ja numfashi kafin ta ƙarasa ta, ina ji da kunnena. Amma wanda ya zo nuna gwaninta ba ya jin komai sai abin da zai ba shi damar nunawa. Maimakon in yi shiru in yi tunani, sai na shiga tambayoyin likita.

"Kashinta fa, fari ne ko kore?"

Gwaggo Ige ta yi tari. Wata daga cikin matan ta ja mayafi ta rufe baki.

"Yaushe rabonta da ƙwai?"

Can daga bayan labule aka ce, "An daɗe."

Na ce to a nuna mini majinyaciyar. Gwaggo Ige ta dube ni, ta dubi matan, sannan ta nuna wata kaza wake-wake da ke tono a gindin turmi, da alama don ita ce mafi kusa. Na naɗe hannun riga na nufe ta. Kazar da aka ce ba ta iya kaiwa randa ta zabura ta zagaye tsakar gida, ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ta kifar da kwanon kunun wata baiwar Allah, ta yi fiffike ta haye kan rumbu. Ni kuma ina biye da ita cikin rigar Juma'a, hula ta faɗi, kafso yana zuba daga aljihu. Sai da na taka turmi na kamo ta ta ƙafa, ta kuwa sakar mini sara a bayan hannu har da jini. (Ko a nan ban yi tunanin komai ba. Cewa na yi a raina, wani ciwon yana sa ƙarfi.)

Na dawo bakin ƙofa ina haki, na zauna na fara bincike yadda na saba. Na buɗe bakinta na leƙa, ba majina, ba wari. Idanunta garau, suna harara ta. Tsoron kanta ja wur. Na buɗa gashin ƙarƙashin fiffike ko zan ga ƙwarƙwata, ko ɗaya babu. Na taɓa wuyanta inda tsaba ke taruwa, na ji shi cike dam, wai wadda ta bar cin abinci. Na lallatsa cikinta ko ƙwai ne ya maƙale, babu komai. Na juya ƙafafun, sirara ne busassu, ba kumburi ko na sauro. A duk kajin da na taɓa riƙewa ban ga mai lafiyar wannan ba.

Abin da ya kamata in faɗa a nan gajere ne, in ce ban ga komai ba. Da na faɗi haka, da wataƙila Gwaggo Ige ta samu hanyar da za ta karkato da ni. Amma ga mata sun zuba mini ido, ga surukata a bayan labule tana jira, karo na farko da ta nemi wani abu a wajena. Na ji ba zan iya komawa Aliero da "ban sani ba" a bakina ba. Sai na nemo ciwon da ba a iya ƙaryata shi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gwaggo, ki gaya wa Inno na gano. Wannan ba cuta ba ce, tsufa ne. Ta yi ƙwanta, ta yi ƙyanƙyasarta, amfaninta ya ƙare. Ba ta magani ɓarna ce kawai. Shawarata a yanka ta tun da wuri, kafin ta zama wahala ga mutane."

Matar da aka kifar wa kunu ta ce "Innalillahi" a hankali. Ni ina riƙe da kaza, ina jiran a yaba.

Can sai Inno ta yi magana, muryarta ba fushi ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai daga baya.

"Ki ce mai ya yi gaskiya. Ni ma abin da nig gani ke nan. A bar wahal da mutane."

Gwaggo Ige ta miƙe tsam. "Likita," ta ce, "taho bayan rumbu, akwai wani zakara, shi ma kainai ba daidai ba."

Na bi ta, kaza a hammata. Muna shan kwana ta juyo ta kama hannun rigata.

"Kai wane irin mutum na? Kazad da kab bi har bisa rumbu, ita ta ba ta kai randa?"

Na buɗe baki, ta hana ni.

"Tun yaushe nike roƙon matag ga ta yi aike! Diyatta ta hwari ta, ga ta da ciki, ba ta iya hwaɗa mata. Kai suruki na, ba ta iya buɗa baki ta ce maka jikinta na ciwo. Ɗanta na kudu. Da ƙyat niƙ ƙago mata zancen kaza, nic ce yaron ga na da hankali, da ya ji ya gane. Kai ko kaz zo kac ce a yanka."

Ta jawo ni gefen rumbun ta nuna mini da haɓa. "Dubi ƙasan labule."

Na duba. Labulen bai kai ƙasa ba, kuma tun zuwana abin yana gabana. Ƙafafu biyu ne a kan tabarma, sun kumbura har idon sawu ya ɓace, fatar tana sheƙi. A gefe ga takalman roba an tsage musu baya da wuƙa don su shiga.

Na saki kazar, ta yi tafiyarta. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Kowace tambaya da na yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, ta kashi, ta ƙwai, har zuwa hukuncin da na yanke da babbar murya. Amma kunyar ba ta daɗe ita kaɗai ba, tsoro ya zo ya danne ta. Matar nan ta daɗe tana tunanin ita nauyi ce, ta daure ta tambayi mutum ɗaya, mutumin ya tabbatar mata. In na hau babur na tafi a haka, ba za ta sake aikawa ga kowa ba.

"Bari in je in ba ta haƙuri," na ce.

"Ka ba ta haƙurin mi? In kac ce ka gane ita ta, ka tone ta gaban mata, ko a ɗaure ba ta bin ka. Da kaza kaɓ ɓata, da kaza za ka gyara."

Na tsaya bayan rumbun nan na ɗan lokaci ina neman abin faɗi. Ban taɓa auna magana a rayuwata kamar ranar ba. Sannan na kakkaɓe rigata, na koma na durƙusa, wannan karon kaina a ƙasa.

"Gwaggo, ki gaya wa Inno na sake dubawa, na yi kuskure. Garaje na yi. Kazar nan ba ta yankawa ba ce."

Na ci gaba.

"Akwai 'yan tsaki da ke tafe, kuma wadda za ta kawo su yarinya ce, ba ta san komai ba. In babbar ba ta nan, ban san wanda zai nuna mata ba. Ni dai ban iya ba, kowa ya gani yau."

Wata cikin matan ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Labulen ya ɗan motsa.

"Sai dai maganinta ya fi ƙarfina, sai Jega. Su kuma can ba sa duba kaza sai mai ita ta zo da kanta."

Na fara jin ko na sake ɓatawa. Ina kallon ƙafafun nan ta ƙasan labule, ina roƙon Allah a zuci. Can Inno ta ja numfashi.

"Ki ce mai, kazar ba ta iya hawan babur."

"Mota za a kawo, Gwaggo. Gobe da safe."

"To," in ji Inno.

Da safe na zo da a-kori-kurar wani abokina da ke mana dakon albasa, mun wanke ta amma warin bai fita ba. Gwaggo Ige ta riƙo Inno suka fito a hankali, ta lulluɓe har ido, aka sa su a gaba. Abin da ban zata ba shi ne kwandon da ke hannun Gwaggo. Kazar ce a ciki, an ɗaure mata ƙafa. Inno ta ce ai ita aka ce za a kai, ba za a bar ta ba. Ba wanda ya yi dariya. Na karɓi kwandon na hau baya, muka kama hanyar Jega ni da majinyaciyata tana harara ta.

A asibiti mata suka shiga da Inno, ni kuma na wuni a gindin dalbejiya da kaza a gabana. Duk wanda ya wuce sai ya tambaya ko ta sayarwa ce. Da yamma likita ya kira ni ya ce ciwon zuciya ne, ruwa ya taru a jiki, za su riƙe ta su ba ta magani, kuma ta bar gishiri da kanwa. Ya tambaya me ya sa ba a kawo ta da wuri ba, ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Na ce masa hanya ce ba kyau. Ban ga dalilin da zan ba shi labarin rumbu ba.

Inno ta samu sauƙi. Da Luba ta haihu, ita ta tsaya kan wankan jego, tana zaune kan kujera tana ba da umarni. Ta yi shekaru bayan nan, ta goyi 'yar da aka haifa har ta yi wayo. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Gwaggo Ige ce dai ba ta yafe ba, har ta bar duniya in ta gan ni sai ta ɗaga murya ta ce wa mata su ɓoye tsofaffinsu, ga likita nan tafe.

Na sha zama ina tunanin ranar. Da ina ganin wannan kunya tamu wahala ce kawai, mutum yana ciwo ya kasa faɗi. Daga baya na ga ba kasa faɗi Inno ta yi ba. Ta faɗi komai dalla-dalla, har da inda take tsayawa ta huta, ta hanyar da mutuncinta zai tsira. Aikina kawai in ji, shi ne na kasa. Na bar likitancin kaji tun daga ranar, kuma na koyi cewa in babba ya kira ka ka duba masa dabba, ka fara duban shi wanda ya kira ka.

Yanzu ni ma furfura ta cika mini gemu, kuma gwiwata ta hagu ta fara ba ni labari, musamman da sanyin safiya. Kwanakin baya mijin 'yata ya zo gaisuwa, yaro mai ladabi, ya durƙusa nesa. Na daɗe ina juya maganar, sannan na ce masa jakina ya fara ɗingishi, ƙafar hagu, in ya durƙusa tashi sai da dabara.

Yaron nan ya miƙe ya nufi turke. Ina zaune ina murza gwiwa, ina kallonsa yana ɗaga ƙafar jaki yana leƙa kofato. Ya dawo yana share hannu, ya ce, "Baba, ai wanga ya tsuhwa. A kai shi Jega a sai da, a samo ƙarami."

Na ce Allah ya yi masa albarka, ya gaida gida. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, na san gidan da ya auro.